Alausa da ciyamomi: fashin baƙi kan rigimar da talakan Legas ke biyan kuɗinta

Ranar da kotun ƙoli ta yanke hukunci kan kuɗin ƙananan hukumomi, wato 11 ga Yuli 2024, da daddare muna zaune teburin mai shayi nan Agege bayan isha'i, rediyo na kunne, samari sai murna suke wai shikenan an ƙwato talaka daga hannun gwamnoni, yanzu kuɗi zai sauko ƙasa. Kawuna da ya haura shekara talatin yana sayar da albasa a garin nan bai ce uffan ba, sai da ya shanye shayinsa tukuna ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro 'yan takardu guda huɗu duk sun yamutse, ya jera su kusa da gwangwanin madara ɗaya bayan ɗaya. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai ne ka yi boko, duba min, wanne daga cikin waɗannan alƙali ya soke?" Tikitocin da ya biya ne a ranar kaɗai, na wurin zama, na shara, na sauke kaya, da wani da ko tambari babu a jikinsa. Na ce Kawu babu ko ɗaya. Ya tattara abinsa ya mayar aljihu.

Tun daren nan nake son in zauna in warware maganar nan dalla-dalla saboda mu da muke zaune Ikko muna jin ana cewa gwamnatin jiha, wadda mazauninta ke Alausa, da ƙananan hukumomi na ja-in-ja, muna ɗauka rigimar manya ce da ba ta shafe mu ba, alhali kuwa a aljihunmu ake yin ta. Abin da ake takaddama a kai abu biyu ne, wa zai karɓi kuɗi daga hannun wa, sannan a wace unguwa za a kashe shi. Amsar da aka ba waɗannan tambayoyi cikin shekaru ashirin da ɗoriya ita ta sa in ka taso daga Ikoyi ka sauka Ajegunle sai ka rantse ƙasa biyu ka taka.

Abu na farko da mutane da yawa ba su lura da shi ba, Legas ba ta da magajin gari. A wasu manyan biranen duniya akwai mutum ɗaya da aka zaɓa musamman don birnin, shi zai tsaya ya ja da gwamna ido da ido. Misali a Niyok ta Amurka, lokacin da Bill de Blasio ya hau kujerar magajin gari a Janairun 2014, ya zo da alkawarin zai ƙara haraji kan masu samun sama da dala 500,000 a shekara ya buɗe wa 'ya'yan kowa makarantar share fage kyauta, sai dai birnin ba shi da ikon ƙara irin wannan haraji sai majalisar jiha ta yarda, gwamna Andrew Cuomo kuma ya ce atafau ba za a ƙara ba, ya ɗauko kuɗin daga kasafin jiha ya bayar. Jam'iyyarsu ɗaya fa, amma suka yi shekaru suna kai ruwa rana a gaban jama'a kan mafi ƙarancin albashi da gidajen haya da jirgin ƙarƙashin ƙasa, kowa na cewa shi ne mai tausayin talaka. Ko me za ka ce game da su, mai shara a can ya san ƙofar da zai buga, kuma rigimarsu a fili ake yin ta.

Nan kuwa an taɓa yin magajin gari a 1950, Dakta Ibiyinka Olorunnimbe, ba a jima ba a 1953 aka soke kujerar. Tun da aka ƙirƙiro jihar Legas a 1967 gwamna shi ne uwa da makarɓiya, shi ne gwamnan jiha shi ne kuma mai birni, ƙarƙashinsa sai ciyamomi birjik kowa da ɗan yankinsa, babu wanda ya isa ya yi magana da sunan garin gaba ɗaya. Shi ya sa tamu rigimar ba ka cika jin ta a rediyo ba, ta ƙarƙashin ƙasa ake yin ta, a wajen rabon kuɗin wata-wata da kuma wajen fidda ɗan takara.

Yanzu mu koma tushe. Kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ƙananan hukumomi 774 a Najeriya, Legas na da 20 kacal, Kano na da 44, alhali a ƙidayar 2006 jihohin biyu kusan kai ɗaya suke, Kano miliyan 9.4 Legas miliyan 9.1, ita Legas ma ta ƙi yarda da adadin ta ce an tauye ta. Na san mu 'yan arewa ba ma son a tabo wannan, amma gaskiya ɗaya ce, tun da kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya ƙananan hukumomi ake raba wa, jihar da ke da ƙanana 20 dole ta ga an ci da guminta. Wannan ne ya sa Bola Tinubu lokacin yana gwamna ya ƙirƙiro sababbi 37 suka zama 57. Obasanjo yana shugaban ƙasa ya ce bai san zance ba, a 2004 ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Legas ɗungurungum. Aka tafi kotun ƙoli, Yemi Osinbajo ne kwamishinan shari'a na jihar a lokacin, a Disamban 2004 kotu ta ce shugaban ƙasa ba shi da hurumin riƙe kuɗin, amma kuma sababbin 37 ɗin ba su cika ƙananan hukumomi ba sai majalisar tarayya ta shigar da sunansu cikin kundin. Majalisar ba ta shigar ba har yau. Sai aka sauya musu suna suka koma abin da muke kira LCDA, wato yankunan raya ƙasa, irin su Orile-Agege da Ikosi-Isheri da Ikoyi-Obalende, kuɗin da aka riƙe kuma sai da marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya hau a 2007 ya saki ragowar, wajen naira biliyan 10.8.

To ka ga a wancan lokacin Legas ce ke kukan babba ya danne ta. Amma me ya biyo baya a cikin gida? Kuɗin da Abuja ke turowa da sunan 20 ba ya zuwa hannunsu kai tsaye, yana faɗawa asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi wanda sashe na 162 na kundin ya tanada, a nan ake zaftare albashin malaman firamare da sauran abubuwan da aka ce na bai ɗaya ne, ragowar a kasa shi gida 57. Wanda ke riƙe da ludayi kuwa kowa ya san shi. Ciyaman da ya cika baki a kan rabo ya san abin da zai tarar in lokacin fidda gwani ya zo, shi ya sa mafi yawansu sun gwammace su yi shiru su karɓi abin da aka miƙo musu. Akwai ma dokar da ta ce jiha ta ba ƙananan hukumominta kashi 10 na kuɗin shigar da ta tara a cikin gida, kuma kuɗin shigar Legas ba wasa ba ne, ana yawan faɗin cewa a 1999 wajen naira miliyan 600 ne a wata, a 2023 kuwa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna sama da biliyan 815 a shekara, babu jihar da ta ko kusa. Lissafa kashi goma na wannan da kanka, sannan ka leƙa ƙaramin asibitin unguwarku.

Amma inda maganar ta fi yi min nauyi shi ne abin da kundin ya ce na ƙaramar hukuma ne da kuma inda ya ƙare. Jadawali na huɗu ya lissafa su ɓaro-ɓaro, kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, kwashe shara, allunan talla na kan titi, harajin gidaje, lasisin keke da baro da amalanke da kwalekwale, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, ƙananan tituna da magudanan ruwa. In ka duba da kyau a gari irin Legas waɗannan ba ƙananan hanyoyin kuɗi ba ne, harajin gidaje kaɗai a Victoria Island ya isa ya riƙe ƙaramar hukuma har ta yi wa maƙwabta alheri. Sai aka bi su ɗaya bayan ɗaya. A 2001 jiha ta yi dokar da ta haɗe harajin gidaje da kuɗin ƙasa da na gyaran unguwa wuri ɗaya, ita ke karɓa da sunan ƙananan hukumomi sun wakilta ta, daga baya a ba su kasonsu. A 2006 aka kafa hukumar jiha mai suna LASAA ta karɓe allunan talla, duk wani ƙaton allo da ka gani a hanyar Ikorodu ko bakin gadar Third Mainland can kuɗinsa ke fara sauka. Shara tana hannun LAWMA, ita ma hukumar jiha ce. Ajiye mota a gefen titi ma an yi masa hukumar jiha. Ita kanta tasha, a farkon 2022 jiha ta fito da harajin naira 800 a rana kan kowace motar haya wai don a haɗe karɓe-karɓen wuri ɗaya, duk da haka tambayi kowane direban danfo ka ji ko agbero, wato 'yan kamashon tasha, sun daina tare shi.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan an kawo shi da hujja mai kyau, wai a daina karɓar haraji biyu, wai a yi tsari. Wasu hujjojin ma gaskiya ne. Sai dai in ka tattara su ka duba abin da ya rage a hannun ciyaman, za ka ga an kwashe tsoka an bar masa ƙashi, kuma ƙashin nan shi ne mu. Mai tebur, mai baro, mai shayi, mai gyaran takalmi, mai tura ruwa a jarka, mai suya, mai kanti ɗan ƙarami da za a zo a ce ya biya lasisin rediyo da talabijin. Banki da kamfanin sadarwa da mai bene hawa ashirin suna mu'amala da Alausa, da takarda da lauya da akanta, in an yi musu kuskure su rubuta wasiƙa. Ƙaramar hukuma kuwa tun da ba ta da babban kifi sai ta baza komarta kan ƙanana, ta ba 'yan kwangila da yaran siyasa aikin karɓa, su kuma su ɗora nasu a kai.

Na gani da idona a kasuwar da Kawu ke zama, ba sai na kama suna ba. Ƙarfe biyar na asuba tirela ta iso daga arewa da buhunan albasa bayan kwana uku a hanya, direban ya riga ya zubar da kuɗi a shingaye tun daga Sakkwato, kafin a kwance igiya mutum uku sun tsaya kowa da littafin rasit a hammata. Wani yaro ɗan dako da bai fi shekara ashirin ba, gammo a ka, buhu na farko bai kai ƙasa ba an ce ya biya kuɗin ranar, ya ce "Oga bari in yi ɗauka biyu tukuna", aka cire masa gammon aka riƙe. Kawu ne ya biya masa. Kuma duk wannan ana yi ne a cikin caɓi har idon sawu, lambatun da ke bakin rumfar ya toshe tun damina biyu da suka wuce, in ka tambayi masu rasit su ce gyara ba aikinsu ba ne, in ka je sama a ce ka koma ƙasa. Mai biya ɗaya ne, masu karɓa da yawa, mai ɗaukar alhaki babu. In aka lissafa abin da ɗan dakon nan ke biya a kan abin da yake samu a wuni, wallahi kasonsa ya fi na manajan da ake cire wa haraji a albashi.

Sannan ga batun taswira. Ƙaramar hukumar Eti-Osa ita ke ɗauke da Ikoyi da Victoria Island da Lekki, can ne Banana Island, can aka cike teku ake gina Eko Atlantic. Alimosho kuwa ita ce mafi yawan jama'a a jihar, tun a ƙidayar 2006 ta haura mutum miliyan ɗaya, an yanka ta gida shida, Igando-Ikotun da Ayobo-Ipaja da Egbe-Idimu da sauransu, nan ne ma'aikatan da ke tashi ƙarfe huɗu su tsallaka gada su share ofisoshin tsibiri su yi gadinsu suke kwana. Ciyamomin wannan ɓangare suna da ƙorafi na gaske ko da ba su faɗa da ƙarfi, cewa jama'ar na wajensu, buƙatar na wajensu, amma manyan ayyuka sun fi karkata inda ƙasa ke da tsada. Na tsibiri su ma suna da nasu, cewa daga yankinsu ake tara kuɗin. Jiha kuma ta tsaya a tsakiya tana cewa ai shi ya sa dole a bar rabon a hannuna. Ban ce ba a yi mana komai ba, gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021 ta sauƙaƙa wa Agege cunkoso sosai, jirgin ƙasa na jan layi daga Agbado zuwa Oyingbo ma ta nan yake bi. Amma gada da jirgi na masu wucewa ne, lungun da ke bayan gadar, da ajin firamare mai yara fiye da kujeru, da famfon da ba ya kawo ruwa, waɗannan na ƙaramar hukuma ne, ita kuma ga halin da take ciki.

Babban makamin da ke hannun gwamna wanda babu ciyaman da ke da irinsa shi ne ƙasa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa duk filin birni a hannun gwamna, shi ke ba da takardar mallaka shi ke sokewa. Saboda haka ranar da aka ce unguwa za ta tashi, ciyaman da kansila sai dai su ji a gari kamar kowa, ko su zo jaje washegari. Maroko aka rushe a Yulin 1990 zamanin soja, gwamna Raji Rasaki, mutum wajen 300,000 suka rasa matsuguni, yau wurin ya zama ɓangaren Victoria Island da Lekki inda fuloti ɗaya ya fi ƙarfin dangi gaba ɗaya. An taɓa Makoko a 2012, Otodo Gbame a 2016 da 2017 duk da maganar na gaban kotu, mu ma abin ya iso mu a Alaba Rago inda 'yan uwanmu masu tumaki da awaki suka yi shekara da shekaru. Kullum dalilin da ake bayarwa tsaro ne ko tsafta ko ambaliya, wani lokacin ma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma abin da ban taɓa gani ba shi ne a rushe wurin talaka sannan talakan ya dawo ya zauna a sabon ginin. Kuma mutanen nan har jajibirin rusau suna biyan tikiti, suna da rasit a hannu, rasit ɗin bai tare katafila ba.

In kana son ka gane muryar wa ake ji, kwatanta abu biyu. A 2018 gwamna Akinwunmi Ambode ya ƙara harajin gidajen nan da na ambata, masu kamfanoni da lauyoyi da masu manyan gidaje suka tayar da jijiyar wuya, lauyoyin Ikeja har zanga-zanga suka yi, cikin 'yan makonni gwamnati ta zaftare kusan rabi ga gine-ginen kasuwanci, a 2020 kuma Sanwo-Olu ya sake yi wa dokar kwaskwarima. Yanzu ɗauki 'yan okada, wato 'yan acaba. Dokar hanya ta 2012 zamanin Fashola ta hana su tituna 475, aka sake tsanantawa a Fabrairun 2020, sannan daga 1 ga Yunin 2022, bayan kisan gillar da aka yi wa wani matashi a Lekki, aka haramta gaba ɗaya a Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Apapa da Lagos Island da Lagos Mainland, a Satumba aka ƙara Kosofe da Mushin da Oshodi-Isolo da Shomolu. An kama babura dubbai an niƙe su a gaban kyamara. Ba na kare ɗan okadan da ke bin hanya ta baibai ko wanda ya ɗauki doka a hannu, kisan nan abin Allah wadai ne, haɗurran ma gaskiya ne duk wanda ya taɓa leƙa asibitin ƙashi na Igbobi ya sani. Amma da yawa daga cikin yaran nan daga Borno da Yobe da Zamfara da Katsina suka gudo wa bindiga, babur ɗin bashi ne ake biya kullum, kuma kafin haramcin kullum sai an yanka musu tikiti a matakin lokal. Wanda ya ci kuɗinsu shekara da shekaru bai buɗe baki ba ranar da aka niƙe jarinsu. Haka aka yi wa masu kurar shara a 2018, kundi ya ce lasisin baro da amalanke na ƙaramar hukuma ne, sanarwa ɗaya daga sama ta haramta sana'ar. A Oktoban 2023 ma ma'aikatar muhalli ta jiha ce ta garƙame Mile 12 saboda ƙazanta, kwandunan tumatir da attaruhu na ruɓewa a cikin mota, alhali kowace safiya ana karɓar kuɗin shara a hannun 'yan kasuwa.

Dole in yi wa ɓangaren jiha adalci, don hujjarsu ba ta banza ba ce. Legas gari ɗaya ne, ruwan saman da ya sauka Agege ta magudanar wasu zai bi ya kai teku, cunkoson Ojota ba ya tsayawa a iyakar kansila, ba zai yiwu mutum 57 kowa ya yi nasa tsarin shara da nasa tsarin mota ba. Sannan dattawa na tuna lokacin da aka bar albashin malaman firamare a hannun ƙananan hukumomi a farkon shekarun 1990, malamai suka yi watanni babu albashi, shi ya sa ƙungiyar malamai kullum take ɗari-ɗari da maganar 'yanci in ba a ware albashinsu gefe ba. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, ciyamomi da yawa ba waliyyai ba ne, akwai wanda in ka ba shi kuɗin kai tsaye motoci zai saya ya raba buhun shinkafa da hotonsa a jiki ya ce ya yi aiki. Matsalata da hujjar jiha ita ce ta karɓi iko da sunan tsari amma ta bar karɓar kuɗin kan titi yadda yake, saboda yaran da ke karɓar su ne sojojin ranar zaɓe.

To me hukuncin 2024 ya canza? Ministan shari'a Lateef Fagbemi ne ya kai gwamnoni 36 ƙara, mai shari'a Emmanuel Agim ya karanta hukuncin, cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. A wasu jihohi wannan magana ce miƙaƙƙiya, a Legas kuwa ta buɗe wani sabon rami, domin Abuja 20 ta sani. In kuɗi ya faɗo asusun Alimosho kai tsaye, sauran biyar ɗin da aka yanka daga jikinta fa, su zama 'yan amshin shata a wajen ciyaman ɗin da da can tsaransu ne? In ya faɗo asusun Agege, Orile-Agege ta jira a sam mata? Nan take rigimar ta tashi daga jiha da ciyamomi ta koma har tsakanin ciyamomin kansu, 20 na ganin lokacinsu ya yi, 37 na ganin za a mayar da su 'yan kallo. A Oktoban 2024 majalisar dokokin jiha ta fito da ƙudirin da ya so ya sauya matsayin 37 ɗin, aka yi ta ce-ce-ku-ce har aka ja baya, a watan ne kuma majalisar ta dakatar da ciyaman ɗin Alimosho, abin da ya sa mutane suka fara tambaya wai wane irin 'yanci ne wannan da wata uku bayan hukunci majalisar jiha za ta iya cewa zaɓaɓɓe ya koma gida. Ita kanta turo kuɗin kai tsaye aka yi ta jan ƙafa a kanta, yau a ce sai an buɗe asusu a babban banki, gobe a ce kwamiti na zama. Abin mamaki mutumin da ya yi shari'a da Obasanjo kan 37 ɗin shi ne shugaban ƙasa yanzu, jam'iyyarsa ke da rinjaye a majalisar tarayya, in ana so a shigar da su kundi babu lokacin da ya fi wannan.

Sai zaɓen 12 ga Yulin 2025, hukumar zaɓe ta jiha ta shirya, APC ta kwashe kujerun ciyaman duka 57. Ba Legas kaɗai ke haka ba, kusan kowace jiha jam'iyyar gwamna ce ke lashe komai, Kano ma haka. Amma ma'anarsa a fili take, matuƙar wanda zai zama ciyaman a ɗakin taron jam'iyya ake yanke shi, to ko an turo masa kuɗi kai tsaye idonsa na sama, godiyarsa na sama, tsoronsa na sama. A rumfar zaɓen da ke kusa da mu ranar nan ma'aikata sun fi masu jefa ƙuri'a yawa har azahar.

Nan ne kuma nake jin zafin namu sakacin. Hausawa sun fi shekara ɗari a Agege, tun zamanin fataucin goro da zuwan layin dogo, muna Idi-Araba muna Obalende muna Ijora muna Mile 12 muna mayankar Oko-Oba, akwai waɗanda kakanninsu ma nan aka haife su, Yarbanci a bakinsu kamar ruwa. A farkon 2021 da dillalan abinci da shanu suka tsayar da lodi zuwa kudu na 'yan kwanaki kowa ya ga yadda farashin tumatir ya yi tashin gwauron zabi, wato an san amfaninmu a tukunya. Amma a teburin da ake raba kasafin ƙaramar hukuma ba a cika jin mu ba, sai a kira Sarkin Hausawa in rikici ya tashi ko zaɓe ya matso, a ba wani ɗanmu muƙamin mai ba da shawara kan harkokin 'yan arewa shikenan. Dalili kuwa da yawanmu katin zaɓenmu na gida ne, mutum ya shekara ashirin yana biyan tikiti a nan amma ranar zaɓe ya hau tirela ya tafi ƙauye ya zaɓi kansilan da ba zai sake gani ba sai wata sallar. Kansilan mazaɓar da yake kwana a ciki kuwa ya san sarai wannan mutum ba ya cikin rajistarsa, to don me zai yashe masa lambatu? Ita rigimar Alausa da ciyamomi ko ta ƙare ta wane ɓangare, kuɗi ya tsaya sama ko ya sauko ƙasa, wanda ke cikin rajista shi za a fara tunawa, mu da maƙwabtanmu Yarbawa da Inyamurai da ke tura baro ɗaya da mu a cikin caɓi ɗaya.

Na faɗa wa Kawu haka wani dare da muka sake haɗuwa a teburin, na ce ana iya dawo da rajista daga gida zuwa nan, fom ne kawai ake cikewa a ofishin hukumar zaɓe ko ta waya. Ya yi shiru yana juya cokali a kofi, ya ce tun zaɓen 1999 a makarantar firamaren ƙauyensu yake dangwalawa, kusa da kabarin mahaifinsa, bai taɓa tunanin zai yi a wani wuri ba. Can ya tambaye ni ko in ya dawo da ita nan zai iya mayarwa in ya tsufa ya koma gida, na ce zai iya. Ya ce to in an buɗe rajista in zo in ɗauke shi da safe, amma kada ya zama ranar da mota ke isowa.